Sanyin Firiza Ba Ya Gyara Batir

Da zarar bazara ta kama, wayar salula ta fara zafi a hannu, sai tsohuwar jita-jita ta dawo: wai a jefa ta cikin firiza, domin "masana sun gano sanyi na ƙara wa lantarki gudu". Abin haushi, har masu boko na yaɗa wannan a WhatsApp.

Maganar tana da tushe, amma an yanke mata kai. A 1911, a birnin Leiden na ƙasar Holand, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, sai turjiyarta ga lantarki ta ɓace ɓat. Firizar gida kuwa a wajen 18 ƙasa da sifiri take tsayawa. Ina aka haɗu?

Kuma ko a wancan sanyin, ba kullum lantarki ke samun sauƙi ba. A cikin zaren ƙarfe wanda gashin kai ya ninka shi kauri sau dubbai, elektron, ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, yana tafiya ne kamar igiyar ruwa: ya ci karo da datti, ya komo, ya haɗu da kansa. Tun 1977 David Thouless ya yi hasashen cewa turjiyar irin wannan zaren ƙaruwa za ta yi idan sanyi ya tsananta, gwaje-gwaje kuma suka gaskata shi. A irin wannan siranta, ba sanyi kaɗai ke saɓa wa tsammani ba: a 1998, masu bincike a Leiden suka ja zinariya har ta zama sarƙar ƙwayoyin zarra, ɗaya bayan ɗaya. Turjiyarta ta tsaya wajen om 12,900, ko an ƙara mata ƙwaya. Dokar da aka koya a sakandare, cewa tsawo na ƙara turjiya, nan ta sha ƙasa.

Batirin lithium kuma aikin sinadarai ne, sanyi rage masa ƙarfi yake yi. Yi masa caji a ƙasa da sifiri na lalata shi dindindin. Ga raɓa: wayar da ta fito daga firiza takan yi gumi ciki da waje, makonni kaɗan mai gyara ya buɗe ta ya tarar da tsatsa kore a kan allonta na ciki.

Wanda wayarsa ta yi zafi ya zare caja, ya cire mata riga, ya kashe data, ya ajiye ta a inuwa kan siminti. Kada a bar ta ƙarƙashin matashi tana caji, ko a gaban mota da rana tsaka. Batirin da ya kumbura kuwa a canza shi ranar.