Karayar Gwiwar Hannu: Kada Mu Ɓata Lokaci

Lokacin mangwaro da lokacin kanya, yaranmu suna bisa itatuwa. Sa'ad da yaro ya faɗo, yakan miƙa hannu domin ya tare ƙasa. Nauyin jikinsa duka sai ya sauka a kan ƙashin da ya zo daga kafaɗa, ya karya shi kusa da gwiwar hannu. Wannan karaya ta fi samun yara masu shekara 5 zuwa 7, gama ƙashinsu a wurin nan ba shi da kauri.

Me ya sa take da hatsari? Babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke kai motsi ga yatsu suna bi ta gefen ƙashin nan. Bakin ƙashin da ya karye yana iya danne su. Bayan haka kumburi ya zo. In aka jera karan ɗori aka ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin tafiya, jini ya tsaya. Naman da ya rasa jini kamar awa 6 yakan fara mutuwa. Ƙarshensa yatsu su ƙandare har abada, ko hannun ya ruɓe a yanke shi. Mun san maɗora suna zaune tare da mu, kuɗinsu kuma da sauƙi. Amma maɗori ba ya ganin abin da ke cikin hannu.

A asibiti za a fara ɗaukar hoton ƙashi. In ƙashin bai goce ba, siminti ya isa, na mako 3 ko 4. In ya goce, sai an yi aiki. Za a sa yaron barci, likita ya ja hannun ya mai da ƙashin wurinsa, sa'an nan ya soka tsinken ƙarfe 2 ko 3 su riƙe shi. Sau da yawa ba a tsaga fata. Akan tsaga ne in ƙashin ya ƙi komawa, ko ya huda fata, ko jini bai koma yatsu ba. Bayan mako 3 ko 4 a zare tsinkayen.

Yawancin yaran da aka kai da wuri suna warkewa sarai. Gwiwar takan yi tauri da fari, amma tana sakewa a hankali cikin 'yan watanni sa'ad da yaro yake wasa. Kada mu murza ta da ƙarfi, kada mu ba shi bokitin ruwa wai don ta miƙe. Jijiyar da ta bugu takan farfaɗo da kanta cikin wata 2 ko 3. Amma ƙashin da ya haɗe a karkace ba ya miƙewa da girma, sai da babban aiki.

Haka yake da tafin hannu da yatsu, inda injin niƙa da lauje sukan yi ɓarna. Yatsan da ya murɗe yana hawa kan ɗan'uwansa yana bukatar tsinken ƙarfe. Ciwo a gindin babban yatsa bayan faɗuwa kada a ce targaɗe ne kawai. Akwai ƙaramin ƙashi a wurin wanda karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba, sai a sake hoto bayan kamar mako 2.

Ga abin da za mu yi:

1. A tallafe hannun yadda aka same shi, kada a ja, kada a lanƙwasa.
2. A cire zobe da munduwa kafin kumburi.
3. In akwai rauni, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka ko ƙasa.
4. Kada a ba shi abinci, gama mai yiwuwa za a sa shi barci.
5. A tafi asibiti ran nan. In yatsu sun yi sanyi, sun ɗashe, ko ciwo yana ta ƙaruwa, a tafi ko da tsakar dare ne, ko da an riga an sa siminti.

In ƙaramin asibiti ya tura mu gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin Galmi a Nijar, mu tafi. Kuɗin mota da na aiki suna da nauyi, gaskiya ne. Shi ya sa ya kamata ƙungiyoyin manoma da na mata su ajiye wani abu cikin asusu domin irin wannan rana. Akuyar da aka sayar ana iya mai da ita baɗi, amma hannun da zai riƙe fartanya ba a sayensa a kasuwa.