Daga Kano zuwa Jidda: Yadda Rufe Sararin Samaniya ke Tsawaita Tafiyar Jirgi

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, idan aka auna ta bisa miƙaƙƙiyar hanya, wato layi mafi gajarta da za a iya ja a doron ƙasa mai siffar ƙwallo. Jirgin fasinja mai gudun kusan kilomita 850 a awa yakan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da 'yan kai, ko da yake agogon matafiyi kan nuna fiye da haka saboda Saudiyya na gaban Nijeriya da awa biyu. Sai dai a 'yan shekarun nan wannan lissafi ya daina aiki, domin ba nisa ne kaɗai ke yanke tsawon tafiya ba, har da ƙasashen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin jirgin.

Tushen al'amarin yana cikin Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta bai wa kowace ƙasa cikakken iko da sararin samaniyarta, ta yadda babu jirgin da zai ratsa sai da izini da kuma jami'an da za su yi masa jagora daga ƙasa. Miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda ta bi ta Chadi ne ta ratsa arewacin Sudan, saboda haka da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin ƙasar, sai ya zame wa jiragen dole su kewaya, ko ta arewa wajen Masar ko ta kudu wajen Habasha, a daidai lokacin da ake shirin jigilar maniyyata. Irin haka ta faru ga jiragen Finnair da ke tashi daga Helsinki zuwa Tokyo, waɗanda tafiyarsu ta tashi daga awa tara da wani abu ta koma kusan awa 13 bayan Rasha ta rufe wa Turai sararinta a 2022.

Illar kewayen ba ta tsaya ga gajiyar zama a kujera ba, duk da cewa dattijon da bai taɓa hawa jirgi ba, yana ɗaure da ɗamara ƙafafunsa na kumbura, shi ya fi kowa sanin nauyin ƙarin awanni. Kowace awa da aka ƙara tana cin mai, man kuma nauyi ne da kan tilasta a rage kaya ko fasinja. Matuƙa suna da ƙayyadadden lokacin aiki da doka ba ta yarda su wuce ba, sannan jirgin da ya saba yin sawu da yawa a mako sai sawunsa ya ragu. A kan haka ne kamfanonin da Hukumar Alhazai ta Nijeriya ta ɗauka a 2023 suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci.

Akwai masu ganin cewa matsalar ta ɗan lokaci ce, tunda Nijar ta rufe sararinta a Agustan 2023 ta kuma buɗe shi bayan kimanin wata guda. Amma misalin Rasha ya nuna cewa rufewa kan ɗauki shekaru, har ta sauya fasalin kasuwa, domin jiragen Sin da har yanzu ke ratsa Rasha suna riga na Turai isa da ƙarancin mai. Saboda haka duk mai tsara kuɗin kujerar aikin Hajji da ya dogara da kilomita 3,400 na taswira kaɗai, lissafinsa bai cika ba.