Na'urori Biyu, Suna Ɗaya

Malaman Hadisi sun sha wahala ƙwarai a kan maruwaitan da sunayensu da na ubanninsu suka zo ɗaya alhali mutanen daban ne, har Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekarar 463 ta Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan babi na muttafiƙi da muftariƙi. Ban taɓa zaton zan ga irin wannan mushkila a jikin ƙarfe ba, sai ran da na zauna a wani shago a Sintali, cikin Jalingo, ina kallon wani saurayi mai ɗaura kyamarorin tsaro yana sharce gumi, domin kuwa ya kafa ɗaya a ƙofa, ɗaya a sito, amma da zarar hoton wannan ya bayyana sai na waccan ya ɓace. Ya sauya waya, ya hure filogi, ya zargi janareta, daga bisani ya juyo mini da allon ya ce, "Baba, duba nan, lambarsu ɗaya ce."

Bayanin al'amarin shi ne, kowane ɗan sashe da ke aika saƙo da karɓarsa a cikin na'ura yana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC, wadda asalinta ke komawa ga tsarin Ethernet da Robert Metcalfe ya fara tsarawa a kamfanin Xerox na Amurka a 1973. Alamomi 12 ne, daga 0 zuwa 9 da A zuwa F, an jera su bibbiyu gida shida. A bisa ƙa'ida, gida uku na farko nasabar kamfani ce, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke rabawa da kuɗi, sauran ukun kuwa kamfanin ne ke raɗa wa kowace na'ura nata, kuma babban kaso guda yana ɗauke da lambobi 16,777,216.

Kwamfutar ofis takan zo da tata lambar daga masana'anta, ba ruwan mai ita. Amma ƙananan ƙwaƙwalen da ake binnewa cikin kyamara da makamantanta, sau da yawa ba a haife su da suna ba. Wajibi ne maƙerin ya rubuta shi a wata 'yar ma'ajiya a kan allon cikin na'urar, ko ya shigar da shi cikin manhajar da ke tayar da na'urar, irin su U-Boot. To, maƙerin da ƙyuya ko rowa ta hana shi sayen kaso yakan kwafi manhaja guda, da lambarta, ya zuba wa alluna dubu, ya bar mai saye da jidali. Akwatin da wayoyin shagon ke haɗuwa a cikinsa yana riƙe da rajistar wace lamba ce ke wace ƙofa, sai ga suna ɗaya yana amsawa ta ƙofa biyu, shi kuwa ya dinga gogewa yana sake rubutawa, saƙo yana faɗawa hannun wanda ba shi aka nufa ba.

Masu shimfiɗa ƙa'idar sun yi hangen nesa, suka ware lambobin da mutum zai raɗa da kansa don amfanin cikin gida ba tare da neman izini ba, misali waɗanda suka fara da 02. Sharaɗi dai kada gidan farko ya ƙare da lambar mara, irin 1 ko 3, domin wannan kiran jama'a ne, ba sunan mutum guda ba. Wajibi ne kuma a adana lambar da aka raɗa inda ɗaukewar wuta ba za ta shafe ta ba, abin da mazaunin Jalingo ba ya bukatar a tsawaita masa sharhinsa.

Haka saurayin ya yi. Ya shiga saitin kyamarar sito, ya ba ta sabuwar lamba, ya zare filogi ya mayar don ya tabbata ba ta manta ba, hotuna biyu suka tsaya gefe da gefe. Sannan ya yagi 'yar takarda, ya rubuta lambar da biro, ya manna ta a bayan kyamarar da salatif.