Saniya ta kwanta a mota, wayar maigida a kashe

Shirinmu na wannan mako ya leƙa zangunan Ankara ne, babban birnin Gana, musamman Nima da Mamobi, kuma maganar da muka ɗauko ita ce tsoro. Irin tsoron nan da yake kama mutum a bakin aiki, lokacin da abu ya taso, ana jiran ya yanke hukunci, shi kuma hannunsa ya ƙi motsi.

Mu ƙaddara haka. Tirela ta ɗauko shanu ta tsallako Paga, ta nufi kasuwar Tulaku da ke Ashaiman. Tafiyar kimanin kilomita 800 ce, ga shingaye, ga zafi, ga matsi a cikin mota. Tsakar dare, an wuce Techiman, yaron da ke rakiyar shanun ya haska tocila ya ga wata saniya ta kwanta, sauran suna tattaka ta, numfashinta ya koma sama-sama. Wuƙa tana ƙugunsa, kuma ya iya yanka. Ya kira maigidansa a Nima, waya a kashe. Ya sake kira, haka. Direba na ce masa yanka mana, shi yana cewa bari in ƙara gwadawa. Kafin su kai Kumasi saniya ta zama mushe.

Da ya yanka, da mahauta sun sayi naman, ko rabin kuɗi ne an tsira da shi. Yanzu kuwa sai dai a ja a yar.

To me ya hana shi? Ba rashin sani ba ne, don ya fi ni da ku sanin dabbar da ba za ta tashi ba. Tambaya ɗaya ce yake gudu: wa ya ce ka yanka? Ku duba lissafin da zuciyarsa ta yi a cikin daƙiƙun nan. In ya yanka, hannunsa yana cikin asarar, kuma wataƙila maigida ya ce ai da ka bari da ta tashi. In ta mutu da kanta, kowa zai ce ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri, babu mai kama shi da laifi. Sai ya zaɓi asarar da ta fi girma saboda ita ce ba ta da mai laifi. Ni a ganina, yawancin abin da muke kira tsoro a wurin aiki wannan ne, tsoron zargi, kuma ya fi tsoron asara ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kada mu yi wa yaron dariya, domin tsoronsa yana da tushe. Nima kanta daga harkar shanu ta faro. Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya samu filin a 1931, jama'a suka biyo shi suka zauna. Tsarin da aka gada tun lokacin bai canza sosai ba: baƙo ya kawo kaya daga arewa, maigida ya sauke shi, dillali ya nemo mai saye ya karɓi la'adarsa, sau da yawa a ba da kayan bashi, maigida ya tsaya a matsayin mai lamuni. Da wuya ka ga takarda, amana ce ke riƙe da komai. A irin wannan kasuwa sunan mutum shi ne jarinsa. Yaron da aka ce yana taɓa dukiyar mutane ba da izini ba, labarinsa zai riga shi isa majalisar shayi, gobe ba mai ba shi rakiyar ko akuya. Saboda haka in ya daskare, sunansa yake karewa.

Ga kuma abin da jiki yake yi. Idan hankali ya tashi, zuciya na bugawa da sauri, baki ya bushe, tunani ya tsuke ya tsaya kan abu guda, shi ya sa yaron ya yi ta danna lamba ɗaya kamar babu wata a duniya. Ni ma na ɗanɗana. Farkon zamana a gaban makirfo, layin baƙona ya yanke ana tsakiyar hira, na yi shiru ina kallon na'ura, jama'a na jin shirun a gidajensu. Bayan shiri wani babba a wurin aiki bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni abin da na tanada in layi ya yanke. Ban tanadi komai ba. Daga ranar ba na shiga ɗakin shiri sai da abin da zan ci gaba da shi a hannuna.

Abin da muke yawan mantawa shi ne jira ma hukunci ne, kuma yana da farashi. Masu albasa sun fi kowa sanin haka. Albasar Galmi da ke shigowa Gana daga Nijar ba ta jiran kowa. In ta kwana biyu cikin buhu a ƙarƙashin tamfol, zafi ya dafa ta, ta fara ruwa daga tsakiya, buhu ɗaya ya shafa wa na kusa da shi. Farashin da ka raina da safe, jibi za ka neme shi ka rasa.

Sau biyu a 'yan shekarun nan masu albasa suka shiga irin wannan matsi. A 2021 ministan jihar Ankara na lokacin, Henry Quartey, ya ba su wa'adin 1 ga Yuli su tashi daga Agbogbloshie su koma Adjen Kotoku, can wajen gari ta ɓangaren Amasaman. An shafe shekaru ana maganar tashin nan ba a yi ba, har wasu suka ɗauka wannan karon ma magana ce. Wa'adi na cika aka rushe wurin. Sai kuma 2023, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ECOWAS ta sanya takunkumi a 30 ga wata, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, motocin kaya suka yi cirko-cirko, albasa ta yi tsada a kasuwannin Gana. Duk wanda kayansa ke hanya a lokacin, zaɓi ya zo masa a tsaye: ya karyar da farashi ya sayar a inda yake, ko ya juya ta Burkina inda hanya ba ta da tsaro, ko ya jira a buɗe. ECOWAS ba ta ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, kuma ko bayan nan Nijar ta bar ɓangarenta na iyakar da Benin a rufe. Babu albasar da za ta jira wannan.

Na san wani dattijo zai ce, yaro, gaggawa aikin shaiɗan ce. Gaskiya ne, Baba, kuma ban musa ba. Amma gaggawa daban, yanke hukunci a kan lokaci daban. Mai gaggawa shi ne wanda bai yi tunani ba. Wanda muke nema shi ne wanda ya riga ya gama tunaninsa tun yana zaune lafiya, ranar da abu ya taso aiwatarwa kawai ta rage masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A harkar dabbobi, fafe gorar nan hira ce ta minti biyar kafin mota ta tashi. Yaro ya zauna gaban maigidansa ya ce, Alhaji, in dabba ta kwanta na tayar ta ƙi tashi, kuma ban same ka ba, in yanka? Nawa ne mafi ƙarancin kuɗin da zan karɓa a hannun mahauta? In wayarka ba ta shiga, wa zan kira? A yi maganar a gaban direba ko wani dillali, don a sami shaida. Yau ga waya mai hoto a hannun kusan kowa: kafin ka sa wuƙa, ɗauki bidiyon dabbar a kwance na 'yan daƙiƙu, ka tura ta WhatsApp, ko maigida bai gani ba sai da asuba. Tambayar nan ta wa ya ce ka yanka ta mutu ke nan, tunda shi ya ce, ga kuma hoto. Haka mai albasa. Wakilinsa a Adjen Kotoku ya san farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba ranar farko, da wanda zai karɓa in kaya sun kai kwana uku ba su tashi ba. In an tsayar da waɗannan lambobi biyu tun a gida, ba zai tsaya yana rawar jiki a gaban mai saye ba.

Amma a nan akwai wurin da nake so makiyaya da 'yan rakiya su saurara da kyau, domin ba kowace dabbar da ta faɗi ake yankawa ba. A watan Yunin 2023, ana saura makonni a yi Babbar Sallah, ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, ya ɓulla a gundumar Binduri kusa da Bawku. An rasa rai, hukumomi suka hana zirga-zirgar dabbobi da yankansu da sayar da namansu a jihar na wani lokaci. Dabbar da matsi da gajiya suka kayar ta bambanta da wadda wannan ciwo ya kama. Ita ta biyun tana faɗuwa ne farat ɗaya, sau da yawa ba tare da an ga ta yi jinya ba, baƙin jini mara daskarewa ya fito ta hanci ko baki ko dubura, gawar ta kumbura da wuri. In ka ga haka, kada ka feɗe, kada ka sayar, kada ka bari kowa ya taɓa da hannu. Ƙwayar cutar tana kama mutum, kuma in ta zuba a ƙasa tana iya shekaru da dama a raye, ta jira garken da zai zo kiwo. A wannan hali jarumtar ita ce ka mayar da wuƙa kube, ka nemi malamin dabbobi, ko da mahauci na tsaye da kuɗi a hannu, ko da ka san maigida zai ji zafin asarar. Wannan ma a saka shi cikin hirar kafin tashi, don kada tsoron zargi ya tura yaro ya sayar wa jama'a guba.

Hanya ma haka take. In aka ce wata hanya ba ta da tsaro, wanda ya tsaya ya jira ayari ko rakiyar jami'ai ba matsoraci ba ne. Ana mayar da buhun albasa, ba a mayar da direba. Ma'aunin da ni nake amfani da shi ke nan: abin da in ya ɓaci za a iya gyarawa, kamar ragin farashi, a yanke shi da wuri. Abin da ba ya gyaruwa, a tsaya a nemi na gaba.

Sai maganar canji, wadda ta hana 'yan kasuwar Nima barci a 2022. A farkon shekarar dala ɗaya tana wajen sidi 6, zuwa Nuwamba ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta bi sidi ƙasa ba. Wanda ya sayar da shanu ko albasa da sidi, alhali bashinsa na sefa ne a Nijar ko Burkina, duk makon da ya ƙara yana riƙe da kuɗin yana jiran sidi ya farfaɗo, bashin ƙaruwa yake a kansa. Sai ga shi a Disambar, da aka ji labarin yarjejeniya da asusun IMF, sidi ya yi tsalle ya dawo na ɗan lokaci, waɗanda suka firgita suka canza duk abin da suka mallaka a ƙurarren lokaci su ma suka ji a jikinsu. Wato mai jira ya sha, mai firgita ya sha. Babu wanda ya san gobe a kasuwar canji, ko masu teburin canjin kansu. Abin da ke hannunka shi ne ƙa'ida: kuɗin mutane, da zarar ya shigo, ka mayar da shi kuɗin da za ka biya da shi, ka aika. Ribarka ce kawai kake da ikon yin caca da ita, in kana so.

Kalma ta ƙarshe ga iyayenmu masu gida, da neman afuwa in na wuce gona da iri. Yaron da ya yanke hukunci bisa abin da kuka yi da shi, ko da sakamakon bai yi daɗi ba, kada a tsinka shi a gaban jama'a. In an yi masa haka sau ɗaya, ya koyi darasi, amma darasin da ya koya shi ne kada ya sake taɓa komai, kuma saniya ta gaba mushe za ta zama. A kira shi gefe a tambaye shi me ya gani, me ya sa ya yi abin da ya yi. In akwai gyara a gyara ƙa'idar. Sannan, Alhaji, daren da motarka ke hanya tsakanin Tamale da Kumasi, a taimaka a bar waya a kunne, a sa ta caji tun magariba, a kuma ba yaro lambar mutum na biyu wanda maganarsa take daidai da taka.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba takardun da ake nema a hannun mai dabbobi a kan iyaka, da wanda ya kamata ya riƙe su a cikin mota. A huta lafiya.