Wakilin Suna a Ingilishi: Jagora ga Ɗalibin da ya Taso da Hausa da Faransanci

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yawanci yakan fara karatun Ingilishi ne a shekararsa ta farko a kwaleji, bayan ya shafe shekara shida yana koyon Faransanci, alhali da Hausa yake tunani tun yana ƙarami. Saboda haka duk lokacin da ya ɗauki alƙalami zai rubuta jimlar Ingilishi, harsuna biyu ne ke ba shi shawara, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Wannan saɓani ya fi bayyana a wajen wakilin suna, wato ƙananan kalmomin da ke tsayawa a madadin suna.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Kundin da aka kafa a Nijar a shekarar 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Haka nan manyan littattafan nazarin Hausa da dama da Ingilishi aka rubuta su, kamar ƙamusun Bargery na 1934, da nahawun Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001. Wannan maƙala za ta bi wuraren da ɗalibi ya fi tuntuɓe, ta nuna wane harshe ne ya kamata ya jingina da shi a kowane wuri.

Kai, ke da ku duk “you” ne

Hausa tana da wakilan suna katsattsu guda takwas: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Ingilishi yana da bakwai a gurbin aikau: “I, you, he, she, it, we, they”. Babban giɓin yana wajen wanda ake magana da shi. Hausa ta bambanta namiji da mace da jam'i, Faransanci ya bambanta “tu” da “vous”, shi kuwa Ingilishi kalma ɗaya ya ajiye wa kowa, yaro ko sarki, mutum ɗaya ko taro.

Da can ba haka abin yake ba. Ingilishi yana da “thou” na tilo da “ye” na jam'i, kuma “you” siffar karɓau ce ta “ye”. Sai aka riƙa amfani da jam'in don girmama mutum ɗaya, kamar yadda ake yi da “vous”, har ya mamaye ko'ina. A cikin ƙarni na 17 “thou” ya fita daga daidaitaccen harshe, ya rage a wasu kare-karen harshe na arewacin Ingila da kuma littattafan addini irin fassarar Baibul ta 1611. Wannan tarihi ne ya sa ake cewa “you are” da “you were” ko da mutum ɗaya ake nufi, domin aikatau ɗin ya riƙe siffarsa ta jam'i. Wuri ɗaya da adadi ya saura shi ne “yourself” na tilo da “yourselves” na jam'i. Girmamawa kuwa sai a nemo ta daga wasu kalmomi, kamar “sir”, “madam”, “please” da “would you”.

Jinsi: “he”, “she” da “it”

A Hausa kowane suna tilo yana da jinsi, ko da abin ba shi da rai. Riga da mota mata ne, littafi da takalmi maza ne. Faransanci ma haka yake, sai dai rabon ya sha bamban. Rana mace ce a Hausa, “soleil” namiji ne a Faransanci. Wata namiji ne a Hausa, “lune” mace ce. Wannan ya isa ya nuna cewa jinsin nahawu al'adar harshe ce kawai.

Tsohon Ingilishi ma yana da irin wannan jinsi, har kalmar “wif”, mai nufin mace, ba ta cikin jinsin mata. Amma tsarin ya rushe a zamanin Ingilishin tsakiya, aka koma bin jinsin halitta. Ƙa'idar yau ita ce “he” ga namiji, “she” ga mace, “it” ga duk abin da ba mutum ba. Don haka jimlar “Na sayi mota, tana da kyau” za ta zama “I bought a car, it is nice”. Wanda ya rubuta “she is nice” Hausa da Faransanci ne suka haɗu suka ja shi. Ana iya kiran dabba “he” ko “she” idan an san jinsinta kuma an shaƙu da ita, kuma matuƙan jirgin ruwa suna da tsohuwar al'adar kiran jirginsu “she”, amma ɗalibi ya riƙe “it” a rubutunsa.

Mallaka: inda Hausa ta fi Faransanci amfani

Kuskuren da malamai suka fi gani a takardun jarrabawa shi ne irin “Amina loves his father”. Tushensa Faransanci ne, inda “son” da “sa” ke bin jinsin abin da aka mallaka: “son père”, “sa mère”, ko mai su namiji ne ko mace. Ingilishi jinsin mai mallaka yake bi: “his father, his mother” idan na Musa ne, “her father, her mother” idan na Amina ne.

Hausa ta haɗa tsarin biyu a kalma ɗaya. A duba waɗannan huɗu: ɗansa, ƴarsa, ɗanta, ƴarta. Harafin nasaba, wato -n ko -r, yana bin abin da aka mallaka, shi kuwa -sa ko -ta yana bin mai mallaka. Ingilishi ɓangaren ƙarshe kaɗai yake buƙata. Duk inda Bahaushe zai ce -sa, “his” ne, duk inda zai ce -ta, “her” ne. Masu karin harshen yamma da ke cewa gidanai da rigatai su ma “his” za su sa a duka biyun. Ɗalibin da ya mayar da jimlar cikin Hausa kafin ya rubuta, ya ji “mahaifinta”, ba zai faɗa wannan rami ba.

Akwai kuma bambancin gajeriyar mallaka da doguwa. “My, your, her, our, their” suna zuwa ne kafin suna, kamar yadda -na da -nka ke manne wa suna. “Mine, yours, hers, ours, theirs” kuwa suna tsayawa su kaɗai, kamar nawa da naka. Ana cewa “my book”, ana kuma cewa “the book is mine”. A lura cewa “its” na mallaka ba ya ɗaukar alamar ɗauri a sama, domin “it's” taƙaitawar “it is” ko “it has” ce.

Inda Hausa ke ruɗa ɗalibi

A jimlar “Musa ya tafi”, kalmar “ya” dole ce, ko da an ambaci Musa. Dalili shi ne lamirin suna a Hausa yana ɗauke da mutum da jinsi da adadi da kuma lokaci: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. A Ingilishi aikatau da mataimakansa ne ke nuna lokaci, wakilin suna kuwa maye gurbin suna kawai yake yi. Idan sunan yana nan, babu gurbin da zai maye. Don haka “Musa went” ko “he went” ake rubutawa. “Musa he went” kuskure ne a rubutu, duk da cewa Faransancin baka, mai cewa “Moussa, il est parti”, yana ƙarfafa shi.

Irin wannan maimaici yana fitowa a jimla mai dogarau. Bahaushe yana cewa “mutumin da na yi magana da shi”, ya dawo da “shi” a ƙarshe. Ingilishi yana barin gurbin fanko: “the man I spoke to”. Ƙara “him” a nan ɓata jimla ne. Haka “yaron da na ga uwarsa” zai zama “the boy whose mother I saw”, domin “whose” ya riga ya ɗauki aikin -rsa. Sauran wakilan dogarau suna bin bambancin mutum da abu: “who” ga mutane, “which” ga abubuwa, “that” ga duka biyun.

Wani wurin da ba a cika lura da shi ba shi ne “mun tafi da Musa”. A Hausa wannan na iya nufin mutum biyu kawai, mai magana da Musa. Idan aka mayar da ita “we went with Musa”, mai jin Ingilishi zai ɗauka aƙalla mutum uku ne. Fassarar da ta dace ita ce “Musa and I went”.

Aikau da karɓau

Ingilishi yana sauya siffar wakilin suna gwargwadon aikinsa: “I” da “me”, “he” da “him”, “she” da “her”, “we” da “us”, “they” da “them”. Siffar farko ta aikau ce, ta biyu ta karɓau ce, kuma ita ke bin kalmomi irin “to”, “for”, “with” da “between”. Idan an haɗa mutum biyu, hanyar gwaji ita ce a cire ɗayan a saurari abin da ya rage. Ba a cewa “me went”, saboda haka “Musa and I went” ne daidai. Ba a cewa “she called I”, saboda haka “she called Musa and me” ne daidai. Da wannan ma'auni “between you and I” kuskure ne, ko da an ji shi a bakin ƴan asalin harshen.

Wajen jerin kalmomi, Hausa da Ingilishi tafiyarsu ɗaya. “Na gan shi” daidai yake da “I saw him”, wakilin suna a bayan aikatau, saɓanin “je l'ai vu”. “Na saya masa littafi” kuma ya yi daidai da “I bought him a book”. Sai dai wasu aikatau ba su yarda da wannan jeri ba: “explain it to me” ake cewa, “explain me” kuskure ne.

Jimlolin da ba a san mai aikinsu ba

Jimlar Ingilishi tana son aikau ko da babu wanda ya aikata komai. “Ana ruwa” sai ta zama “it is raining”, “da wuya” ta zama “it is difficult”. Wannan “it” ba ya nuni ga kowa, cike gurbi kawai yake yi, kamar “il” a “il pleut”. “Akwai” kuwa ba ya sauyawa, haka ma “il y a”, amma Ingilishi yana bin adadi: “there is a student”, “there are students”.

Lamirin an, ana da a ya yi kama da “on” na Faransanci, amma ba shi da takwara guda a Ingilishi. “An kama ɓarawon” ya fi dacewa da “the thief was caught”. “Ana jin Hausa a Agadas” na iya zama “Hausa is spoken in Agadez” ko “people speak Hausa in Agadez”. “One” yana nan, amma yana da nauyi, ya fi dacewa da rubutun ilimi.

“They”, kai da juna

“They” ba ya bambanta maza da mata, kamar su na Hausa, saɓanin “ils” da “elles”. Asalinsa aro ne daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, abin da ba a cika gani ba, domin harsuna ba su faye aron wakilin suna ba. Tun ƙarni na 14 ake amfani da shi ga mutum ɗaya da ba a san jinsinsa ba. Masu rubuta nahawu na ƙarni na 18 sun fifita “he” a wannan gurbi, amma a yau “everyone should bring their book” ta karɓu sosai, alhali Hausa namiji take zaɓa: kowa ya kawo littafinsa. A kula kuma da sunaye irin “news”, “information”, “furniture” da “hair”, waɗanda takwarorinsu na Faransanci kan zo a jam'i, amma a Ingilishi “it” ne ke wakiltarsu.

A ƙarshe, Hausa ta bambanta “sun cuci kansu” da “sun cuci juna”, kuma Ingilishi ma haka: “themselves” da “each other”. Faransanci “se” ɗaya yake sawa a duka biyun, kuma yana manna shi ga aikatau da yawa da ba su buƙatarsa a Ingilishi. “Je me souviens” ita ce “I remember”, ba tare da “myself” ba.

Kammalawa

Abin da wannan kwatance ya nuna shi ne kowane kuskure yana da tushe da za a iya ganowa. Wajen “his” da “her”, da “they”, da jerin karɓau, da bambancin kai da juna, Hausa ce abin dogaro. Wajen “it” mai cike gurbi da kuma barin maimaita wakilin suna a rubutu, Faransanci ya fi kusa. Wajen “you” da “it” na abubuwa marasa rai kuwa, sai ɗalibi ya ajiye harsunan biyu ya karɓi tsarin Ingilishi yadda yake. Shawararmu ga ƴan'uwa ɗalibai ita ce kowa ya ɗauko tsohuwar takardarsa da malami ya gyara, ya ja layi a ƙarƙashin kowane wakilin suna, ya tambayi kansa wane suna yake wakilta, wane aiki yake yi a jimlar, kuma daga wane harshe kuskuren ya shigo. Masu shirin zama malaman Ingilishi a kwalejojinmu za su fi kowa cin moriyar wannan aiki, domin irin waɗannan kurakurai ne za su tarar a gaban ɗalibansu.