Harshe da Amincewar Majiyyaci a Binciken Magunguna

Yi wa mutum magani daban, yin gwaji a kansa daban. Mai magani lafiyar majiyyacin da ke gabansa yake nema, shi kuwa mai gwaji so yake ya gano ko sabon magani zai yi aiki. Wannan ya sa Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda suka biyo bayan shari'ar likitocin Jamus na zamanin Hitila, da Sanarwar Helsinki ta 1964, suka sharɗanta cewa ba a shigar da mutum gwaji sai ya fahimci abin da za a yi masa, ya kuma yarda ba tare da tilas ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kano. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwaji a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana. Kusan rabinsu aka ba sabon magani mai suna Trovan, sauran kuma ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba wanda ya gaya masu gwaji ake yi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Amma tun kafin nan zargi ya riga ya yi saiwa, yana kuma cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne kalmar "bincike". Duba majiyyaci bincike ne, nazarin kimiyya ma bincike ne. Haka "gwaji": uwar da ta ji an ce za a yi wa ɗanta gwaji, gwajin jini za ta ɗauka. Sannan a al'adarmu "to" ba kullum take nufin yarda ba. Sau da yawa ladabi ce kawai ga na gaba. A ganina, a nan ne yawancin takardun amincewa da aka fassara suke tuntuɓe, domin sukan bi Ingilishi kalma da kalma.

Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da kwamitin da ke tantance irin wannan bincike. Sai dai kwamitin takarda yake dubawa. Uwar da ta taso daga Palladan ko Sabon Gari da yaro a goye, abin da tafinta ya faɗa mata shi za ta ji.

Aikin dogon hutu: ɗalibi ya karanta Sanarwar Helsinki, sannan ya rubuta da Hausa, cikin jumloli biyar, yadda zai bayyana wa irin wannan uwa cewa tana da ikon ƙin yarda, kuma ƙin ba zai hana a duba ɗanta ba.