Dalilin Kifewar Keke Mai Ƙafa Uku: Abin da Ɗan Koyo Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko ta Bichi ranar kasuwa, zai ga kekuna masu ƙafa uku suna fitowa daga ƙauyuka ɗauke da mutane da buhunan hatsi. Wannan abin hawa, wanda akasari ake shigo da shi daga Indiya, ya sami sunan Keke Napep daga shirin yaƙi da talauci da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001. A Kano kuwa an fi saninsa da Adaidaita Sahu, sunan da ya gada daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, sai matasa da yawa suka koma tuƙa shi, daga nan ya bazu har karkara.

Mafi yawan masu koyon tuƙinsa sun riga sun iya babur, saboda haka suke ɗauka cewa aikin ya zo da sauƙi, tunda ga taya ta uku ta hana faɗuwa. A nan kuskuren yake. Gaskiya ne abu mai ƙafa uku yana zama daram in yana tsaye, kamar yadda tukunya ke zama bisa duwatsun murhu. Amma tukunya ba ta shan kwana.

Idan aka ja layi a ƙasa daga tayar gaba zuwa tayoyin baya biyu, za a sami siffar alwatika, mai tsini a gaba da faɗi a baya. Kowane abu kuma yana da wani gurbi da nauyinsa ke taruwa, wanda masana kimiyya ke kira cibiyar nauyi. Muddin turin da ke kan wannan cibiya yana sauka cikin alwatikan, keken yana kan ƙafafunsa. Da zarar ya tsallake layin gefe, sai tayar baya ɗaya ta ɗaga.

Me ke sa ya tsallake? Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya yana son ci gaba a miƙe, sai in an tilasta masa juyawa. Shi ya sa fasinja ke jin ana tura shi waje yayin shan kwana. Mai babur yakan magance wannan ta hanyar kwantar da babur ɗin zuwa cikin kwanar. Keke mai ƙafa uku kuwa ba ya kwanciya. Sai dai a murɗa kansa, shi kuma jikinsa ya rinjaya waje. Abin lura shi ne, wannan turi ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In aka ninka gudu sau biyu, turin yakan ninku sau huɗu. Watau kwanar da aka sha lafiya da gudun kilomita 15 cikin awa, tana iya kifar da keke a gudun kilomita 30.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Taka birki yana jefa nauyi gaba, inda alwatikan ya tsuke, don haka wanda ya taka birki da ƙarfi yana cikin juyawa ya haɗa haɗari biyu wuri guda. Wannan dalilin ne kuma ya sa ɗaukar fasinja a gefen direba, al'adar da ta zama ruwan dare, ba ƙaramin ganganci ba ne. Buhun gero ya kamata a shimfiɗe shi ƙasa-ƙasa kusa da tayoyin baya. In aka ɗora kaya bisa rufi, an ɗaga cibiyar nauyi sama, ƙaramin gargada ma ya isa ya kayar da keken.

Hanyoyin karkarar arewacin Kano suna da nasu darasin. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, gonaki kuma sun matse hanya ta kowane gefe. Mai babur sawu ɗaya yake nema, amma mai keke sawu uku yake bari, ramin da tayar gaba ta kauce wa sau da yawa tayar baya ce ke faɗawa cikinsa. Inda amalanken shanu ya yi kwari biyu a hanya, tayar gaba takan hau tudun tsakiya tana zamewa. A cikin yashi, giya ta ɗaya ko ta biyu da totur madaidaici sun fi fizga. Da damina kuwa, gefen hanyar da ruwa ya zaizaye yana karkatar da keke tun kafin a zo kwana.

Ɗan koyo ya fara a fili, kamar filin ƙwallo bayan an tashi daga makaranta, tare da gwani a kusa, ba fasinja ba kaya. A yawancin waɗannan kekuna kuloci da giya suna hannun hagu, totur na dama, birki kuma a ƙafar dama. Sai ya maimaita tashi da tsayawa har hannu ya saba, sannan ya jera duwatsu ya riƙa zagaya su a hankali, ya koyi ribas da duba madubi. Bayan haka a ɗora masa buhu ɗaya ya ji yadda nisan birki ya ƙaru. A gudun kilomita 40 cikin awa, keke yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa guda, kafin ma ƙafa ta kai ga birki. Akuya ko yaron da ya fito daga cikin dawa ba zai ba da wannan tazarar ba.

Kafin ya hau kwalta, inda tireloli da motocin haya suke, doka ta bukaci ya cika shekara 18, ya kuma mallaki lasisi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da littafin dokokin hanya da ya dace a karanta wa ɗan koyo tun yana zagaya duwatsu a fili.